Makullin da Ba a Ba da Aronsa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, wadda ta fi ƙarfin wannan 'yar takarda. Ina fatan kun isa makaranta lafiya, ke da ƙawarki Binta. Allah Ya tsare ku a hanya, Ya tsare ku a masauki, Ya raba ku da sharrin da kuke gani da wanda ba ku gani. Ni ina nan yadda kika bar ni. Ƙafa tana gardama, ido yana gardama, bakin ne kaɗai bai san ya tsufa ba. In kin ga rubutun yana hawa tudu yana gangarowa, laifin hannun ne. Malamanmu na elemantare sun koya mana bin layi, har da bulala.

Ba labarin gari zan ba ki ba, domin kwana huɗu ke nan da tafiyarki, kuma Kura ba ta canza a kwana huɗu. Wata magana ce ta tsaya mini a wuya tun kuna nan. Na kasa faɗinta saboda baƙuwa, domin ba a yi wa mutum faɗa a gaban wanda ya rako shi gida. Da kuka shiga mota na dawo na zauna a zaure, sai na ga in ban rubuta ba, tuwo ma ba zai wuce ba.

Kin tuna ranar da kuke yanka tumatir a tsakar gida bayan la'asar, za a kai shanya, ni ina kan kujerata ina taya ku da baki? Kina ba ni labarin na'urar nan taku ta jami'a, kwamfuta. Kika ce ɗakinta ya fi randa sanyi, har takalmi ake cirewa a ƙofa. Kika ce kowane ɗalibi an ba shi lambarsa, an yanka masa sa'o'insa na mako, kuma shi da kansa yake zaɓar wata kalma ta sirri, in bai buga ta ba na'urar ba ta san shi ba.

Na ce, "To ke wace kalma kika zaɓa?"

Kika ce, "Haba Baba, ai sirri ne."

Na ce, "A ba ni canka uku. In na faɗi, a hana ni goro yau."

Na fara da sunan marigayiya mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta. Kika girgiza kai kina dariya. Na duba gefen turke, na ga akuyarki tana cin bawon tumatir, na ce, "Kyalla." Wuƙa ta suɓuce daga hannunki. Binta ta kwanta a tabarma tana riƙe ciki, tana cewa, "Wallahi Baba ya ci goronsa, ita ce."

Ni ma na yi dariya, har tari ya kama ni. Da tarin ya lafa na ce mata, "Ke 'yar nan, ina kika san ita ce?"

Ta ce, "Ai da ita nake shiga, Baba. Sa'o'ina ba sa isata, ita kuwa Uwani hannunta da sauri, kullum tana da ragowa. Har yayana Sani ma da ita yake ƙarasa aikinsa na fita daga jami'a."

Kika ɗago kai kika dube ta. Sannan kika ci gaba da yanka. Ni na haife ki, na san wannan kallon. Ba ki san da zancen yaya Sani ba sai a wannan lokacin.

Bayan kun tafi na buɗe akwatin ƙarfe inda kika ba ni ajiyar takardunki. Na ɗauko wadda kika sa wa hannu ranar da aka ba ki lambar. Na sa tabarau ɗina mai ƙafa ɗaya, na bi ta layi layi. Turancina na zamanin Di'o ne, tun mulkin Turawa, ya yi tsatsa, amma ya isa ya gane abin da ta ce. Duk abin da aka aikata da lambarki, ke kika aikata. Wanda ya ba wani kalmarsa ana iya hana shi shiga ɗakin, in ɓarnar ta yi girma a sallame shi daga makarantar. A ƙasa ga sa hannunki nan, da wutsiyar nan da kike ja wa harafin ƙarshe.

Ban san kwamfuta ba, Uwata. Ban taɓa ganinta ba, kuma da wuya in gan ta. Amma na san amanar makulli, domin sau biyu na ci ta, ba da mugun nufi ba, da sakaci da kunya. Bari in ba ki labarin, ki yi wa tsohonki dariya, sannan ki ɗauki abin ɗauka.

Na farko ya faru tun ba a yi auren mahaifiyarki ba. Ina saurayi, na fito daga makarantar Midil, aka ɗauke ni malamin rubutu a wurin masu hujin shanu. Aikina in zauna a rumfa kusa da burtali, duk garken da aka yi wa allura in rubuta takarda in buga mata hatimi. Da wannan takardar ake wucewa da shanu zuwa wata ƙasa. Hatimin ɗan katako ne, bai kai kan muciya ba, amma ina ji da shi kamar sandar mulki. Ranar da aka damƙa mini shi har sabuwar hula na saya.

Wata rana aka kira azahar, layi ya yi tsawo, rana ta take. Na ce wa mutane, "Ku dakata, raka'a huɗu ce." Na bar hatimin a kan tebur tare da tawadarsa da takardun da ba a cike ba. A zuciyata na ce wa zai taɓa kayan mutumin da ya tafi salla. Na dawo na tarar da komai yadda na bar shi, har ina yaba wa mutane. Bayan mako uku aka tsare wani garke a can gaba, shanu suna zubar da yawu, suna faɗuwa. Aka ce mai su ya nuna takarda, ya nuna. Ga hatimina raɗau a jiki. Rubutun ba nawa ba ne, kowa ya gani, wanda ya yi shi ko alƙalami bai iya riƙewa ba. Amma da aka tsayar da ni gaban babbanmu, bai tambayi wanda ya yi rubutun ba. Cewa ya yi, "Hatimin wa aka damƙa wa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, salla na tafi."

Ya ce, "Aljihunka ma sallar ta hana ka ɗauka?"

Aka mayar da ni riƙon igiya wata shida. Saniya ta taka mini babban yatsa, farcen da kike tsokanata da shi tun kina ƙarama, wanda kike cewa ya yi kama da ƙwaryar goriba, daga nan ya samo asali.

To ke ma haka. Kin ce in mutum ya buga kalmarsa ya shiga, na'urar tana nan a buɗe da sunansa har sai ya rufe. Kada ki tashi ki bar ta a buɗe, ko ruwa za ki sha, ko salla za ki yi, ko an ce miki ga ni a bakin ƙofa. Rufe tukuna. Mutanen da ke cikin ɗakin ba lallai miyagu ba ne. Waɗanda ke layin nan nawa ma yawancinsu mutanen kirki ne, mutum ɗaya ne ya ga dama a kan tebur. Kuma kada ki rubuta kalmar a bangon littafi ko a tafin hannu. In kanki ya iya riƙe lissafin da kika nuna mini, wanda ya sa ni jiri, zai iya riƙe kalma ɗaya.

Sannan a bar Kyalla ta huta. In tsoho mai ido ɗaya da rabi ya canka a karo na biyu, yaran boko masu shan shayi da madara za su canka tun ba su zauna ba. Kada ki sa sunana, kada ki sa Kura, kada ki sa abin da duk wanda ya wuni da ke zai ji a bakinki. Nemo abin da ba ya kama da ke ko kaɗan.

Kuskure na biyu shi ne babba, shi ne ya sa ni wannan dogon rubutu. Kina firamare lokacin, ƙila kin ji ƙishin-ƙishin, amma ban taɓa zaunar da ke na gaya miki ba.

Da aka kawo ruwan kanal ƙasar nan, aka fara noman rani, aka nemi masu ɗan karatu su riƙe ƙofofin ruwa. Ni aka ba wadda ke raba ruwa biyu, reshe ɗaya ya bi gonakinmu na nan, ɗaya ya gangara wajen Bunkure. Ƙofar ƙarfe ce, ana murɗa ta da hannu, an ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo. Kowane reshe da ranakunsa. In ranar na ƙasa ce, na sama sai su yi haƙuri, ko da ganye yana lanƙwashewa. Makulli ɗaya ne, yana wuyana a igiyar fata tare da layata.

Kin san Tanko, wanda kike kira Baba Tanko. Tare aka yi mana kaciya, tare muka saci mangwaro, shi ya riƙe mini sanda ranar aurena. Wata safiya ya same ni zazzaɓi ya kwantar da ni, ranar kuwa ta reshenmu ce, ƙofa ba a buɗe ba.

Ya ce, "Kai raggo, tumatir ɗina yana mutuwa kana nan kana rawar ɗari kamar ɗan tsako. Kawo makullin in buɗe, ai yau ranarmu ce."

Na ce, "An ce kada ya bar wuyana."

Ya ce, "To in ɗauke ka da wuyan gaba ɗaya in goya ka? Idi, ni ne fa. Yau ka fara sanina?"

Wannan kalmar ta "ni ne fa" ita ta kashe mini jiki. Na cire na ba shi. Gaskiya kuma bai yi ƙarya ba. Ranarmu ce, ya buɗe a kan lokaci, ya rufe a kan lokaci, kashegari ya kawo mini makullina tare da ƙullin fura. Na mayar wuya, na ce ashe ba komai.

Abin da ban sani ba, a wunin nan surukinsa ya ce a ba shi ya je ya ƙara murɗawa kaɗan, ruwan bai kai fangalin ƙarshe na gonarsa ba. Tanko ya ji kunyar suruki kamar yadda na ji kunyarsa, ya ba shi. Surukin ya bi ta maƙera. Kafin la'asar makullina ya haifi ɗa. Bayan wata guda ya yi jikoki.

Sai abu ya fara ba ni mamaki. Ranar na ƙasa in buɗe musu da safe, in ɗaure sarƙa, in danna kwaɗo, in tafi kasuwa. In dawo in tarar da kwaɗo a rufe yadda na bar shi, amma gonakin sama sun jiƙe sharkaf, reshen Bunkure kuwa ɗan ruwan da ke cikinsa ko agwagwa ba zai ɗauka ba. Na shafa wuyana, makulli yana nan. Har na fara zargin aljanu. Wallahi sai da na sa aka yi mini rubutu na yayyafa a jikin ƙofar. Masu 'ya'yan makulli suna tsaye suna taya ni addu'a, ɗaya ma har yana ba ni shawarar in ƙara da turare.

Rannan na fasa zuwa kasuwa, na zauna a bayan wata dalbejiya da rana tsaka. Sai ga aljanin ya zo a kan keke, da hularsa, da goronsa a kunci. Ya ciro makulli daga aljihu ya buɗe kamar ƙofar ɗakinsa. Mutumin da ko gaisuwa ba ta cika haɗa mu ba. Na fito na ce, "Wa ya ba ka?" Ya ce wane. Na je wurin wane, ya ce wane ne. Na bi zaren har ya kai ni ga surukin Tanko, daga shi sai Tanko, daga Tanko sai wuyana.

Nan ne na yi wautar da ta fi ba da aron. Abin da ya kamata shi ne in hau keke a ranar in tafi ofis in ce, na yi kuskure, a canza kwaɗo. Ban yi ba. Na ji tsoron a ce Malam Idi mai karatun Midil ya ba da makulli. Na ji kunyar a kira sunan Tanko. Sai na shiga bi gida gida ina karɓar 'ya'yan makulli a ɓoye. Na karɓi huɗu, na jefa su rijiya, na ce shi ke nan. Ashe akwai na biyar da na shida. Kwana goma sha na ɓata ina wannan farauta, alkamar mutanen ƙasa kuwa lokacin take fitar da kai, lokacin da ba ta jure ƙishi.

Akwai wani dattijo a ƙarshen reshen, Malam Hamza, gonarsa ce ta ƙarshe da ruwa ke kaiwa. Ya tako da ƙafa tun daga can ya same ni a bakin ƙofar. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya miƙo mini zangarniyar alkama guda, ya ce, "Malam, murza ka gani." Na murza a tafin hannu, na hura, ba abin da ya rage sai ƙaiƙayi. Ya ce, "An ce kai ne mai makulli. Na zo in ji ko mun yi maka wani laifi ne, mu ba ka haƙuri."

A ranar na tafi ofis. Injiniyan yaro ne, bai kai sa'an ƙanena ba. Na faɗa masa komai ina tsaye, hula a hannu. Ya saurara har na gama, ya buɗe durowa ya ciro sabon kwaɗo a cikin takardarsa, ya ajiye a gabana. Ya ce, "Baba, wannan tun ranar farko yana nan. Da ka zo, minti biyar ne." Ban taɓa jin maganar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Ba su kore ni ba, saboda ni na kai kaina, amma an ɗauke ni daga ƙofar an mayar da ni share ciyawar kanal har na yi ritaya. Malam Hamza kuwa bai ga alkama ba a shekarar. Na kai masa buhu biyu daga tawa, ya karɓi ɗaya don kada in ji kunya. Har ya rasu, in muka haɗu shi yake fara gaishe ni, ni kuwa ban taɓa iya kallon idonsa sosai ba.

Ga abin da nake so ki gane, Uwata. Ni na karɓi makullina ya dawo wuyana, amma bai hana komai ba. Ke taki ta fi tawa wuya, domin kalma ba ta ma dawowa. Ba sai an je maƙera ba, kunne ɗaya ya ji, an ƙera. Ba za ki iya zuwa ki ce wa Binta ta manta ba, ba za ki iya jefa abin da ke kan yaya Sani a rijiya ba. Kuma ba ki san wanda shi ya gaya wa ba. Ƙila yana da aboki wanda sa'o'insa ba sa isarsa, abokin kuma yana da nasa surukin. Wani a cikinsu zai taɓa abin da ba nasa ba, ya goge aikin wani, ko ya leƙa inda aka hana ɗalibai leƙawa. Ranar da za a bincika, na'urar ba za ta ce Sani ba, ba za ta ce abokin Sani ba. Lambarki za ta nuna. Akwai kuma wani Malam Hamza a can ƙarshen reshe, wani ɗalibi da ya shekara yana tara aikinsa, wanda bai san ki ba, bai yi miki komai ba.

Ba ina cewa Binta muguwa ce ba. Yarinyar kirki ce, ta wanke mini riguna ba a sa ta ba, kuma miyar kukarta ta fi taki, kada ki gaya mata. Tanko ma ba mugu ba ne. Mugu ai da sauƙi, kana ganinsa ka riƙe aljihu. Wanda kake ƙauna shi ne yake karɓar makulli, domin shi kaɗai ne kake jin nauyin hana shi.

Saboda haka ranar da wasiƙar nan ta same ki, kada ki jira gobe, kada ki ce sai kin gama jarrabawa. Je ki wurin mai kula da ɗakin. Ki gaishe shi da ladabi, ki ce kin ba wata kalmarki, ta wuce inda kika nufa, kina so a canza. Faɗi da bakinki kafin a zo a tambaye ki. Zai yiwu ya yi miki faɗa, zai yiwu ya rage miki sa'o'i. Ki tsaya ki sha faɗan, ba ya fasa ƙashi. Ba sai kin jera masa sunayen mutane ba in bai tambaya ba, laifin da kika kai naki ne. In ya tambaya kuwa kada ki yi ƙarya.

Ita kuma Binta, kada ki canza a ɓoye ki bar ta ta je ta buga ta ga ƙofa a rufe. Wannan shi ke kashe zumunci. Gaya mata ido da ido, kuna cin abinci in ya yiwu. In kin rasa ta inda za ki fara, ɗora mini. Ce mata tsohon nan mai rigima ne ya sa ki rantsuwa. Ta gan ni, za ta yarda. In aikinta ya yi mata yawa, zauna kusa da ita ki taya ta a lokacinta, ko ku je tare ku roƙa mata ƙari. Taimako yana da hanyoyi da yawa waɗanda ba sai makulli ya bar wuya ba. Za ta yi fushi na kwana biyu. Tanko ya yi wata guda ba ya yi mini magana, wai na kai shi ofis. Yanzu kullum da hantsi yana nan zaure yana cinye mini goro yana gaya mini ni na fi shi tsufa. Jiya ma na karanta masa farkon wasiƙar nan, ya ce, "Ka rubuta mata cewa furar da na kawo maka ta fi makullin naka daraja." To ga shi na rubuta.

Akwai wata 'yar magana kuma da kika faɗa a ranar, wadda na ɗauka wasa kike yi. Kika ce yanzu na'urorin har cuta suke ɗauka, wai ana sa musu wani faifai da ya fito daga wata na'urar, sai su rikice, aikin mutane ya lalace. Na yi dariya na ce ko za a kira masu huji. Daga baya na tuna shekarar da na karɓi dashen tumatir a hannun wani baƙo a bakin titi, saboda ganyensa ya yi kore shar kuma ya ce irin waje ne. Na dasa a tsakiyar nawa. Kafin wata ya ƙare ganyen gonar duk ya murɗe, har ta maƙwabcina ta kama. Tun daga nan ba na dasa abin da ban san gadon da ya fito ba. Ke ma faifan da ba ki san inda ya kwana ba, kada ki sa shi a na'urar makaranta don an ce akwai wasa a ciki ko wani abin mamaki. Nuna wa masu kula da ɗakin tukuna. Aikinki mai muhimmanci kuma ki ajiye shi wuri biyu, kamar yadda mahaifiyarki take raba iri, rabi a tulu rabi a rumbu, ta ce ɓera ba ya cin gida biyu a rana ɗaya.

Na san za ki ce Baba ya mayar da ƙaramin abu babba. Ƙila haka ne. Mutumin da ke zaune shi kaɗai yana da lokacin juya magana har ta yi laushi. Gidan ya yi shiru tun da kuka tafi. Matar maƙwabci tana aiko mini da tuwo, Allah Ya saka mata, amma in na ce gishiri ya yi kaɗan ba mai ce mini harshena ne ya tsufa. Rediyo yana magana, ba ya jiran amsa. Har Kyalla ta rage kuka.

Duk da haka ki ji wannan da kyau. In kin je kin tarar an riga an yi ɓarna da sunanki, kada ki ɓoye mini, kada ki ɓoye musu. In abin ya kai a ce ki tattara kayanki, ƙofar gidan nan a buɗe take, ba wanda zai ɗaga miki murya, ɗakinki yana nan a share. Ba zan yi miki ƙarya ba, wani ɓangare na zuciyata zai yi murna ya ji motsinki a tsakar gida. Amma wannan ɓangaren ba shi da hankali, ba na bin shawararsa. Shekara biyu suka rage miki. Na fi son in ci tuwona ni kaɗai har shekara biyun nan su cika, in gan ki kin shigo da takardar gamawa, da a ce kin dawo mini gobe da akwati a ka saboda kin ji kunyar cewa a'a. Ki bar ni da kewata, na iya da ita. Ke dai je ki wurin mutumin nan.

In kin yi, rubuto mini layi ɗaya ki ba direban da ya kawo miki wannan. Ba na bukatar dogon bayani, na san karatu ya yi miki yawa. Ki ce an canza, ya ishe ni.

Allah Ya yi miki albarka, Ya buɗe miki ƙwaƙwalwa, Ya haɗa ki da abokan zama na gari. Allah Ya tsare miki sunanki da mutuncinki, Ya kare ki daga sharrin mutum da na ƙarfe, Ya sa ki fita lafiya ki shiga lafiya, Ya dawo mini da ke a lokacin da ya dace, ba kafinsa ba. Ki gaishe da Binta da kyau. Baba Tanko yana gaishe ki. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci, ki rufe na'urarki.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Malam Idi, Kura.